Muryar Maccido a Tafin Hannu

Ranar wata Lahadi ce, kasuwar Illela tana ci, a shekarar da aka sake buɗe iyaka motocin Ƙonni suka dawo da rububinsu. Hindatu ta tsaya bakin rumfar mai gyaran rediyon mota tana ta sallama, ba wanda ya amsa. Ina za a ji ta? Wata tasi ce a gaban rumfar, ƙofofinta a wangale, kiɗa na fita daga bayanta har langa-langar rumfar na karkarwa. Ƙafafu biyu kawai ta hango sun leƙo daga cikin but ɗin tasin.

Sai da kiɗan ya mutu mai ƙafafun ya fito, guntuwar waya a bakinsa. Ya dube ta, wayar ta faɗi, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Ma'aruf ke nan, wanda direbobin tasha suka ce babu kamarsa wajen sa mota ta yi ruri. Shi ma ya san da haka, kuma abin da ya ɗan ɓata shi ke nan.

"Sannu da aiki," ta ce. "Kawu Malami yac ce in kira ka. Rediyon motarmu shina jan kaset."

"A kawo motar mana."

"Ba ta tafiya."

Ya yi murmushi. "To wa ke jin kiɗa cikin motar da ba ta tafiya?"

"Ba kiɗa ba ne," ta ce, ta juya. Ya kwashi kayan aikinsa ya bi ta, direban tasin na kiransa bai waiwayo ba.

Motar Fijo ce fara, tana ƙarƙashin dogon yaro a kangon da ke jikin gidansu, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa. Ta mahaifin Hindatu ce, Maccido direba. Da injinta ya buga, ya tafi Arlit tuƙin babbar mota don ya samo na sayen wani. Daga can ya aiko da kaset ta hannun wani direba, kamar yadda matafiya ke yi, ya gaida gida da bakinsa. Saƙon da ya biyo bayan kaset ɗin na rasuwarsa ne. Zazzaɓi aka ce, kuma can aka rufe shi. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya san inda kabarin yake.

Matarsa, Inna Mairo, ba ta yi kururuwa ba. Kullum dai in an yi la'asar sai ta shiga motar ta zauna, ta sa kaset ɗin, ta saurara har ya ƙare. Ƙanin mijinta Malami, shi ma direba, yana musanya mata batir ranar kasuwa, yana cewa a ƙyale ta, za ta gaji. Ba ta gaji ba. Sai ga sanƙarau wata bazara, ya kwantar da ita, ya tashi ya bar ta da rai amma ya tafi da kunnuwanta duka biyu.

Daga nan aikin ya faɗo kan Hindatu, ita kaɗai ce ɗiyarsu.

Ma'aruf ya canza ɗan robar da ke juya kaset, yana cikin ɗaure rediyon aka kira sallar la'asar. Da ya dawo daga masallaci ɗaukar kayansa, sai ya tarar da su cikin motar. Inna Mairo na zaune, ta ɗora tafin hannunta a maƙogwaron Hindatu. Murya mai kauri ta fito daga 'yan sifikun ƙofa, Hindatu na bin ta kalma bayan kalma, idonta a kan gilashi.

"Assalamu alaikum. Mairo, ni ne. Ina gaishe ki, ina gaida Hindu. Lafiyata lau, sai kewarku. Ki sa a rufe motar nan da tamfol in ruwa ya sauka. Kada ki sa damuwa, da ƙaramar salla ina gida in Allah ya yarda. Ina kewarki, Mairo."

Haka yarinya budurwa take gaya wa uwar da ta haife ta, kowace rana ta Allah, da lafazin mutumin da ƙasa ta rufe. Uwar ba ta jin ko ɗaya. Motsin maƙogwaron take bi da hannu, leɓunanta na motsi tare da shi, don ita ma ta haddace.

Ma'aruf mai surutu ya ɗauki jakarsa ya fita a hankali.

Amma ya dawo. Yau ya ce kan batir ya yi tsatsa, gobe ya ce wata waya ce bai yarda da ita ba. Motar da ba ta motsi ta fi duk motocin tasha samun gyara. Kawu Malami ya gane, ya yi dariya, ya ce in zance yake so ya zo zaure kamar kowa, ya bar wahalar da batirinsa.

A zauren ne Hindatu ta fara dariya bayan an daɗe. Tana kiransa Mai Waya, shi yana kiranta Hindatuna, yana jan ƙarshen sunan kamar ba ya so ya ƙare.

"Mai Waya, kai ba ka gajiya da hayaniya?"

"Da ban gajiya. Tun da nig gane ki nika son wuri shiru, in ji abin da za ki ce."

"Ai ba ni da abin cewa."

"Kina da shi. Kin dai saba da faɗin na wani."

Maganar ta same ta inda take ciwo. Gaskiya ce. Wani lokaci tana tsakar daka sai ta ji bakinta na cewa a rufe mota da tamfol. Takan farka da asuba muryar na yawo a kanta. Tana son babanta, Allah ya sani, amma ta gaji da ɗaukarsa a wuya, kuma tana jin kunyar gajiyar.

Wata rana ya miƙo mata sabon kaset a nannaɗe cikin hankici. Ta saurara a rediyon maƙwabciyarsu Baraka, ƙasa-ƙasa.

"Hindatuna, ni ne Mai Wayarki. Yau na haɗa jar waya inda baƙa take saboda tunaninki, direba ya kusa cinye ni. Ina sonki, so na aure. In kin yarda in turo manya, gobe ki sa kallabin nan mai ruwan ganye."

Washegari ta fito da kallabin a kanta, amma ta mayar masa da kaset ɗin.

"Na yarda. Sai dai don Allah kada ka ƙara zuba mani muryarka cikin wanga abu. In kana da magana, ka zo da ita a bakinka. Tsoro nika ji."

Bai yi mata dariya ba. Ya zare zaren kaset ɗin a gabanta ya dunƙule, ya sa aljihu.

Manya suka zo, Kawu Malami ya karɓe su hannu biyu. Da ya shiga ya yi wa Inna Mairo bayani da baki da hannu, ta bi leɓunansa har ya gama, sannan ta yi magana da muryar nan tata da ba ta san tsayinta ba tun da ta kurumce.

"In ta tafi, wa zai yi mani maganarshi?"

"Mairo, ɗiya ba ta tabbata gida."

"Ban hana ta aure ba. Ku bari in mutu tukuna, ba daɗewa zan yi ba."

Malami na da ikon ɗaura aure, amma Hindatu ta ce ba za ta taka ƙofar gidan ba sai da albarkar Inna. Magana ta tsaya cik.

Ma'aruf ne ya zo da dabara, yana zumuɗi kamar yaro. Ya ce ai ta ga yadda langa-langar rumfarsa ke rawa in ya kunna manyan sifiku. Abin da hannun Inna ke ji a wuyanta, shi ne dai wannan rawar. In ya sa amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa rediyo ƙarfi, ya haɗa shi da manyan sifikun nan masu gurnani, motar da kanta za ta yi wa Inna magana, kuma da muryar mai ita.

"Ka tabbata?"

"Hindatuna, wanga shi ne aikina."

To, aikinsa ne, amma aikin direbobi ya saba, su kuwa ba ruwansu da komai sai ƙara. Ya kawo manyan sifiku biyu ya ajiye a kujerar baya, ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa a kan wani ƙaramin amfilifaya da ya ciro daga rumfa, don su ja ƙarfi sosai. Yana kunnawa fis, ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa, ya ƙone. Maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili, sai ya yi abin da kowane mai gyara a tasha ke yi, ya naɗa 'yar waya a gurbin fis ɗin. Budurwarsa na kallo, ina zai ce bai iya ba?

Aka lallashi Inna ta shiga. Kaset ya fara juyawa, kujera ta yi wata irin girgiza mara kan gado, sallamar Maccido ta fito a dagule. Kafin ya kai ga ambaton Hindu, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera, baƙi, mai warin roba.

Ma'aruf ya fizge wayar batir da hannu, ta ƙone masa yatsu. Inna ta zaro kaset ɗin ta cusa cikin zaninta. Kaset bai yi komai ba, motar ma ba ta kama ba. Amma da hayaƙin ya lafa, Inna ta koma ta sunkuya ta shinshina kujerar direba, ta daɗe a haka, sannan ta ɗago.

"Ya ƙone mani warinshi," ta ce. "Nan nika jin warin jikinshi, yanzu babu."

Ta nuna wa Ma'aruf ƙofar kango da yatsa. Ba ta ƙara ko kallon inda yake ba.

Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Hindatu ta koma bakin aikinta na la'asar cikin mota mai ƙauri, hannun Inna ya ƙara nauyi a wuyanta. Ta yi ta zuba ido ko zai aiko, shiru. Ran wata kasuwa ta hange shi a layin masu katako, ya ɗauko falanki a kafaɗa. Ta cire kunya ta matsa kusa ta ce, "Mai Waya." Ta sake cewa, har da ɗaga murya. Ya wuce ta gabanta kaɗan, ko waiwaye bai yi ba. Ta tsaya nan mutane na bangazarta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ana cikin haka Attahiru ya kunno kai, mai sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, mutum mai fara'a da wankakkiyar shadda. Ba mugu ba ne, lissafi ne dai ya yi masa yawa. Ya gaya wa Kawu Malami cewa ciwon gidan nan mota ce. A sayar masa ya farke ta ya sayar da kayan, tsohuwa ta yi kukanta na 'yan kwanaki ta haƙura, shi kuma ya auri Hindatu ya riƙe su duka biyu. Kawu, wanda ya gaji da jigilar batir da surutun unguwa, ya ce zai duba.

Attahiru ya zo zaure da turarensa.

"Hindatu, ke yarinya ce, ki ji tausayin kanki. Wancan ya so shi ƙone ku, da ya ga ta ɓaci ya gudu. Ni rana ɗaya zan sa a ja motar nan, ki huta."

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne da ya ce ki huta, sai da ranta ya ce to. A zuci ta hango kangon babu mota, la'asar ta yi tana zaune abinta ba hannun kowa a wuyanta. Sannan ta hango Inna tsaye a gurbin tayoyin. Ta tashi ta shige gida ba sallama, ta kifa kai a gado ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar babanta, na Ma'aruf da na Inna da na kanta duk a haɗe.

Da gari ya waye muryarta ta dushe gaba ɗaya, ko sallama ba ta fita.

La'asar ta yi, Inna ta ja ta zuwa mota kamar kullum. Kaset ya juya. Hindatu ta buɗe baki, iska kawai ke fita. Inna ta danna hannu, ta matsar da shi sama, ta dawo da shi ƙasa, ta sa hannu na biyu. Babu komai. Ta dubi kaset ɗin yana juyawa a bayan ɗan gilashinsa, mijinta na magana a gabanta, ita kuwa ko ɗigo ba ya iso ta. Hindatu ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar mutum ba.

Sai Inna ta ga shatin yatsunta a wuyan ɗiyarta. Ta janye hannuwan a hankali ta ɗora a cinya. Suka zauna har kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.

"Yaron nan mai hayaƙi," in ji Inna, ba ta dube ta ba. "Shina nan garin?"

Sai da ta ɗago ido sannan Hindatu ta gyaɗa kai.

"Ki kira shi."

Hindatu ta tafi ne da fushinta. Ta same shi a bayan rumfa, zaune a ƙasa ya jingina da wani akwatin katako, idonsa a rufe, tafin hannunsa a kan murfin. Ta tsaya a kansa tana magana, ba murya. Shi kuma bai san da zuwanta ba sai da inuwarta ta rufe shi. Ya zabura ya miƙe, ya sa yatsa ya ciro auduga da kakin zuma daga kunnen dama, ya ciro daga na hagu. Ita ba baki, shi ba kunne, dubi irin masoyan da Allah ya haɗa.

"Na kira ka a kasuwa," ta ce da raɗa. "Ka wuce ni."

"Ni? Wace rana?" Ya dubi audugar da ke hannunsa, sai ya dafe kai. "Hindatuna, tun randa Inna tak kore ni nika yawo da wanga abu, sai in zan yi salla nika cirewa. So nike in san abin da hannu ke ji in kunne ba shi nan. Kunya ce ta hana ni zuwa, na rantse ba zan taka gidanku ba sai da abin da zai yi."

Ta so ta ci gaba da fushi, fushin ya ƙi zama. Yatsunsa da suka ƙone har yanzu da tabo.

Ya zaunar da ita ya yi mata bayani, wannan karon ba da fankama ba. Ya ce kowace sifika tana da nauyin da take ɗora wa amfilifaya, ana auna shi da abin da ake kira om, kuma in lambar ta yi ƙasa nauyin ƙaruwa yake. Waɗancan sifikun om huɗu-huɗu ne, da ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa suka koma biyu, amfilifayan kuwa na huɗu ne. Kayan raƙumi ya ɗora wa jaki. Fis ya gaya masa gaskiya, shi ya toshe masa baki.

"Yanzu fa?"

"Na samo masu takwas-takwas a Ƙonni, in sun haɗu su ba da huɗu, daidai da abin da sabon amfilifayan ke ɗauka. Ƙarfinshi kuma bai fi nasu ba, bai gaza ba. In ya gaza, murya ta dagule ta ƙone sifika. In ya yi yawa, takardar sifikar ta yage. A da ƙara nika nema, ita ko Inna ba ƙara taka so ba. So take ta bambance kalma da kalma."

Ya kama bakin mayafinta, bai taɓa hannunta ba, ya nuna mata inda za ta dafa a jikin akwatin da ya dasa sifikun a ciki. Ta toshe kunnuwa da audugar, ya kunna wani kaset na wa'azi. Katakon ya motsa a ƙarƙashin tafinta, ba girgiza ba, wani abu mai tashi da sauka, mai tsayawa ya ja numfashi. Tsigar jikinta ta tashi.

Da safe ya zo tare da Kawu Malami, wanda ya ce wa Attahiru ya dakata tukuna. Ma'aruf ya cire kujerar baya, ya zaunar da akwatin, ya mayar da jingina a kansa yadda bayan mai zama zai taɓa katako. Ya ja waya mai kauri daga batir, ya sa fis na gaskiya, ya ba Kawu wasu ya ajiye. Ya roƙi a ba shi kaset ɗin ya kwafe a wani saboda tsaro, Inna ta ce a yi a gabanta, aka yi tana riƙe da gefen rediyon. Bai yarda an kira ta cikin motar ba sai da ya bar abin yana aiki tun hantsi har azahar, yana taɓa amfilifayan da bayan hannu ko ya yi zafi.

Bayan la'asar Inna ta shiga baya ta zauna. Hannunta ya tashi da kansa zai nufi wuyan Hindatu, Hindatu ta kama shi ta kwantar a kan katakon. Ma'aruf, daga waje ta taga, ya tura kaset ya murɗa a hankali.

"Assalamu alaikum. Mairo, ni ne."

A kunne muryar ba ta yi wani tsawa ba. Amma motar duka ta ɗauka, ƙofofi da rufi da kujeru, kamar mai ita ya shigo ya zauna. Hindatu ta ji babanta a ƙashin bayanta, ta ƙanƙame jikinta.

Inna ta sandare. Leɓunanta suka fara bi, daidai, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Ta manna bayanta da jingina, ta ɗora hannu na biyu. Can tsakiya sai ta tsaya da bi, idonta ya buɗe.

"Mi ne ne wanga? Nan, bayan maganar tamfol. Mayar."

Ma'aruf ya mayar da kaset baya kaɗan. Wurin ya sake zuwa, katako ya yi wata 'yar rawa mai tsalle-tsalle.

"Dariya ce," in ji Inna. "Ya yi dariya a nan. Wani ya yi mashi magana daga gefe ya yi dariya. Na manta." Ta juyo ta dubi ɗiyarta. "Ba ki taɓa yi mani ita ba."

"Ban iya ba, Inna," Hindatu ta ce da ragowar muryarta, tana nuna wuyanta tana girgiza kai.

Inna Mairo ta kifa goshi a bayan kujerar direba ta fashe da kuka, irin kukan da ya kamata ta yi tun ranar da saƙo ya zo daga Arlit. Kawu Malami ya juya baya yana share ido da hular kansa. Ba wanda ya hana ta. Da kaset ya ƙare ta ɗago, fuskarta jiƙe, ta yi magana a hankali yadda ba ta saba ba.

"Ya rasu, Malami. Wanga muryarshi ce, na ji ta, amma shi ya rasu. Allah shi jiƙanshi."

"Amin, Mairo."

Ta yafito Ma'aruf. Ya durƙusa a bakin ƙofar motar, kansa a ƙasa. Ta ɗago hannunsa ta duba tabon, ta saki.

"Ka nuna mani inda aka murɗawa, in iya da kaina. In ya lalace kai za ka gyara, ba ni biyan ko kwabo, suruki ba shi karɓar kuɗin uwa."

Ma'aruf ya ƙara sunkuyar da kai. Hindatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Attahiru ya ji labari, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, har ya aiko da gudummawar sabon batir. Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Kawu Malami. Direbobin tasha suka jero motocinsu, kowa na so a ji aikin ango a tasa, sai da liman ya aiko a rage.

Da yamma mata suka fito da amarya a lulluɓe, aka kai ta gaban uwarta yin sallama. Baraka ta ce a yi maza, Mairo ba ta son doguwar magana. Hindatu ta durƙusa tana kuka, tana jiran a ce mata ta yi haƙuri ta bi miji, yadda ake gaya wa kowa.

Inna ta ɗaga lulluɓin ta dubi fuskarta sosai, ta daɗe tana dubawa.

"Na riƙe ki da yawa," ta ce. "Ki yafe mani, Hindatu."

Ɗakin ya yi tsit. Ɗiyar fari ce, kuma a gidajen nan uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko da wasa. Tun da aka haife ta, sai a ranar ta ji sunanta a bakin Inna.

Inna ba ta ji shirun ba, ba ta kuma ga matan da suka rufe baki ba. Ta ɗora hannu a kan ɗiyarta ta ci gaba, muryar na hawa ba ta sani ba, har maza a waje suka bar hira suka saurara.

"Allah shi yi maki albarka, Hindatu. Allah shi ba ku zaman lafiya ke da mijinki, shi ba ku ɗiya masu jin ƙanku. Duk inda mijinki yat tafi, Allah shi maido maki shi gida da ƙafafunshi. Tashi ki tafi, na sallame ki."

Daga zaure har bakin titi aka amsa da amin, Ma'aruf na cikin masu amsawa, kansa a sunkuye cikin abokai. Baraka ta rangaɗa guɗa, aka ɗaga amarya aka fita da ita.